Sun Ce Kilin

Yayata ta rasu a hanya. Tana dawowa daga Kumasi da goro da atamfa, tun ƙasar nan tamu ana ce mata Hot-Bolta, ciwon ciki ya murɗe ta a mota. Direba ya sauke ta a asibitin wani gari can cikin Gana, washegari ta cika, a can aka binne ta. Mu a Zangon Wagadugu ba mu ga komai ba sai huhunan goro da ɗankwalinta, da direban tsaye a ƙofar gida yana murza hula.

Maza suka yi masa tambayoyin maza: wa ya yi salla, ina kabarin yake. Ni na ratsa su na tsaya a gabansa.

"Wa ya yi mata wanka?"

"Wallahi, baiwar Allah, ni namiji ne, ba a bar ni na shiga ba. Na dai tambayi ma'aikaciyar asibitin, ta ce kilin."

"Ta ce me?"

"Kilin. Ingilishi ne. Wai an gyara ta tas."

"Wai, ko tabbas?"

Kawu ya daka mini tsawa, ya ce in koma ciki. Na koma, amma kalmar ta bi ni. Ta bi ni kasuwa, ta bi ni bakin famfo. Ni dai na san tsabta daban, tsarki daban. Zane zai iya fita fes daga wanki, fitsarin jariri ya ɗiga a kansa, ido bai ga komai ba, amma ba ka salla da shi. To wanne aka yi wa Yaya? An yi mata alwala? An fara da dama? An sa ganyen magarya da kafur, an rufe mata jiki da zane? Ko shafe ta aka yi da tsumma kamar tebur, aka naɗe?

Ta bar 'ya mace tana rarrafe, ni na goya ta. Duk ɗan Zango da ya taɓa taka Gana sai na tare shi. Wani ya ce kilin wanka ne, wani ya ce shara ce. Wani dillalin atamfa ya ce shi a tasha ya ji ana kiran mota mai kyau kilin. Na ce Allah ya shirye ka, Yaya mota ce?

Ina da furfura na shiga lekol, wato makarantar boko ta yamma, zamanin da aka matsa wa manya su koyi karatu. Mata suka ce don lissafin kasuwa ne. Na bar su. Na zauna a bencin yara gwiwata na dukan tebur, na haɗiye dariyar 'yan unguwa, har na iya haɗa baƙi. Ran nan na ɗaga hannu na ce wa malamin, da kiran girmamawar da ake yi masa da Faransanci, "Mushe, ina kilin a littafin nan?" Ya ce nan Faransanci ake yi, Ingilishi wani gida ne daban. Na ji kamar in kife bencin. Ashe ƙofar maƙwabta na yi ta bugawa. Ban fasa zuwa ba dai, tunda na riga na ɗanɗana.

Allah da ikonsa, 'yar da na goya ita ta je jami'a, Ingilishin kuma ta karanta. Ta kama ɗaki a unguwar Zogona ita da ƙawarta. Na kai mata tuwo wata Lahadi, na ce ta sauko da ƙamus.

"Inna, yau kuma me ya faru?"

"Buɗe mini wurin wanki."

Ta fara. Wash, ta ce, shi ne da ruwa: hannu, kwano, riga, duk wash. Rins ɗauraya ce. Sikirob dirza, irin wadda ake yi wa gindin tukunya. Waip kuwa gogewa ce kawai, ko ruwa babu.

"To kilin fa?"

"Kilin babba ne, Inna, ya haɗiye su duka. Ɗaki ana kilin ɗinsa. Ciwo ma, in za a ɗaure. Har kifi, in an fasa cikinsa an cire hanji."

"Kifi?"

"Ke kika tambaya."

"Ba su da kalmar tsarki ne, mutanen nan?"

"Suna da piyurifai. Amma yawanci ruwan sha ake yi wa, ko zinariya. Kin ga ruwan leda da 'yan Gana ke kira piya? Danginsa ne."

"Wato ruwan leda ya samu tsarki, uwarki ba ta samu ba."

Ta rufe ƙamus ɗin. Ban taɓa gaya mata ba, sai ranar. Sai ta ce, "Sa sufi, Inna, ya isa haka. Littafi ba zai gaya miki abin da aka yi a ɗakin nan ba. Tashi mu je garin."

Muka je. Asibitin ya sake gini, ba wanda ya san zancen. A Zangon garin aka nuna mana wata tsohuwa, aka ce ita ke wankan mata tun tana da ƙarfi. Muka same ta tana tsinke zogale. Na zayyana mata komai, har tabon ƙunar man gyaɗa da ke wuyan hannun Yaya.

"'Yata," ta ce, "mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani. Ko na tuna ba zan ce ba. Kuma ban tuna ba."

"Iya, sun ce kilin."

Ta yi dariya, bakinta ba haƙori. "Kilin nasu ne. In sun zare allura sun goge jini, sai su ce kilin, su aiko Zango. Namu yana biyo baya. Baƙuwa Musulma ba ta shiga ƙasa a garin nan ba wanka, sai dai in ba a aiko ba."

"In ba a aiko ba fa?"

"To ai kin ji."

Iyakar abin da na samo ke nan. 'Yar Yaya ta ce ya ishe ta. Ni bai ishe ni ba, ba kuma zan yi ƙarya ba.

Da muka dawo na je wurin tsohuwar da ke wanka a unguwarmu, na ce ta koya mini. Tun kafin a rushe Zango a watsa mu bayan gari nake yi, har yau. In baƙuwa ta rasu, 'yar Nijar ko 'yar Gana, ni ake kira. In na gama ba na barin direba ya kai labari. Sai a haɗa ni da 'yan'uwanta a waya, in nemi mace, in ce, "Ni na yi mata wanka da hannuna. Na yi mata alwala, na fara da dama, na sa kafur." Wata ta ce ya isa haka, Hajiya, mun gode. Na ce a'a, tsaya, ban gama ba.