Ruwan da Ya Kwana a Gidan Baba Jatau

Ku matso kusa, ku gyara zama, in ba ku labarin Baba Jatau na unguwar Hajj Yusuf.

Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana cirar auduga a gonakin mutane a Jazira, bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Da tsufa ya zo, zamanin mulkin soja, ya koma gadi a wata masana'anta a Bahri. Can wani ɗalibi ɗan Nijar, Musbahu, ya nuna masa yadda ake shuka ganye cikin bututun roba, ba ƙasa, sai ruwa da garin taki.

Matar Baba, Sittana, mai sayar da shayi da karkade, wato zoɓo, ta ara masa kusurwar tsakar gida inda tattabarunta suke, da sharaɗi.

"Zuwa ƙarshen damina, Malam. In ban ga na'ana'a a shayina ba, tattabaruna za su koma wurinsu."

To, a Jazira an san ruwan kwance da sauro da tsargiya. Don haka Baba ba ya ba shukarsa sai sabon ruwa daga bakin famfo, yana ta warin kulorin, maganin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi. Saiwoyi suka yi baƙi, ganye ya yi rawaya.

"Manomin bututu, yaushe girbi?" in ji Sittana.

Ana haka aka ɗauke ruwan famfo a unguwar. Dole ya ɗibi na zir, randar da suke ajiyewa a ƙofar gida sadaka ga masu wucewa. Ruwan ya kwana biyu, ba wari, ga sanyi. Kafin mako sai ga fararen saiwoyi. Maƙwabta suka ce albarkar sadaka ce. Musbahu ya ce kulorin ne ya fice, amma sai an auna pH, wato ko ruwan ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Baba ba shi da abin awo.

Sittana ta kwashe da dariya. "Kanwa? Ai karkade ba ya ɓoye ta."

Ta ɗiga shi cikin kofin ruwan zir, jan ya dushe ya koma toka-toka. Ta matsa lemun tsami kaɗan, ja ya dawo. Baba ya daɗe yana kallon kofin.

"Hajiya, sake yi in gani."

Tun daga nan ruwa sai ya kwana a buɗe, a gwada shi a kofi, a gyara, kafin ya shiga bututu. Damina ta wuce, tattabaru suna can bayan ɗaki, Sittana na tsinkar na'ana'a kowace safiya ba ko sallama.

Sai dai Baba ya ajiye zir na biyu a cikin gida, wanda ba mai wucewa da ke sha, don ya gani ko albarka ce, ko kwanan, ko sanyin yumɓu. Ya ƙi gaya wa kowa abin da ya gano. Ku a ganinku, wanne ne?