Tiyon Birkin Motar Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da wata tsohuwar fijo wadda ta girme ni, kuma ya fi yarda da ita a kan 'yan Adam. Shekarar da ƙanwata ta haihu a Tajaye, shi ya ce zai kwashi matan gidanmu daga Konni zuwa wajen suna. Matata da ɗiyarmu suna cikin masu tafiya. Inna kuwa ta ce ba za ta ba, gwiwoyinta sun matsa mata.

Ana gobe suna na lura cikin tayar gaba a jiƙe yake. Na shafa na sansana, sai na ji ƙamshin sabulun wanki. Na kira mai motar na nuna masa. Kawu ya yi dariya, ya ce man birki ne ya tsiyaye masa a Tsarnawa, shi ne ya dama garin sabulu da ruwa ya ɗura, yadda tsofaffin direbobi ke yi.

"Ai tana tsayawa," in ji shi. "Sai dai ka ƙara takawa."

Da lallashi da magiya na ja shi gareji. Bakanike ya cire tayar, ya lanƙwasa tiyon birkin da yatsa, robar ta wage kamar faso a dunduniya. Ya sa sabo, ya zubar da ruwan sabulun, ya zuba mai, Kawu na taka birki yana tsaki har iska ta fita. Da bakaniken ya zagaya ɗaya gefen sai ya kira mu mu gani. Tiyon can ya kumbura a tsakiya.

"Baba, wanga ma ya tashi aiki, kuma ba ni da wani irinai sai an kawo daga Sakkwato. Kak ka ɗauki lodi da shi."

Kawu ya yanko robar tsohon tiyub ya naɗe kumburin da hannunsa, ya ce magana ta ƙare. Ni kuwa hanyar Malbaza da za su bi nake gani a raina, inda manyan motocin siminti ke fitowa su hau titi. A gidanmu ba a ce wa babba motarka ba ta da lafiya. Tsoro nake ji, ga haushi.

Da safe mata suna shiga mota na ce jikin yarinya da zafi, ita da uwarta su zauna. Yarinyar kuwa tana tsalle a ƙofar gida. Kowa ya gane. Kawu ya juya kai yana goge gilashin da ba shi da datti.

Sai ga Inna ta fito da mayafinta, tana dafa bango. Na tare ta, na raɗa mata abin da bakanike ya faɗa.

"Na jiya tun jiya," ta ce. "Ka hidda iyalinka, ban hana ka ba. Amma ba a barin ƙanena da wuri wofi gaban mutane. Buɗe min ƙohwa."

Na buɗe mata. Ta zauna gidan gaba, kusa da shi, ta ce in rufe da ƙarfi don ƙofar ba ta kamawa.