Jikata Tana Noma a Cikin Waya

Ina jin haushin wayar da ɗana Sabo ya saya wa 'yarsa, kuma ba zan ɓoye ba don gudun kada a ce tsohuwa ta cika faɗa. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na je gidansa a Gumel, na tarar da jikata Binta, 'yar shekara goma sha biyu, a ƙofar ɗaki kai a sunkuye. Sallama biyu na yi ba ta amsa ba. Da na tambayi abin da take yi, sai ta ce noma take, alkamarta ta nuna, in ba ta girbe yanzu ba za ta lalace. Wai gona ce a cikin waya, a danna ta tsiro, a danna ta nuna. Can gefe kuwa awaki sun zuba baki a waken da uwarta ta shanya ta bar mata tsaro.

Ni na yi tsaron gona na gaske. Ina shekara tara, a ƙauyenmu da ke kusa da Sule Tankarkar, da gero ya fara ido Baba kan ɗora ni a kan rumfa a tsakiyar gona, da igiya mai gwangwanaye a hannuna da 'yar fura a gora. Tun hantsi har la'asar ina nan, ba abokin hira sai iska. Na san tsuntsayen jan baki tun suna nesa kamar hayaƙi, na san in suka yi shiru to sun sauka ta wani gefen. Da yamma Baba ba ya tambayar ko na gaji. "Me kika gani yau?" Ita ce tambayarsa kullum, kuma ba ya karɓar "ba komai". Sai na faɗi shanun wa suka wuce, ta ina hadari ya taso, wace kunya ce ganyenta ya fara rawaya, duk a jere. Rana ɗaya na sauko yin carabke da ƙawata Ladi a gindin aduwa, tsuntsaye suka cinye kusurwa guda. Bai dake ni ba. Ya kama hannuna ya shafa mini zangarniyoyin da suka zama fanko, ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Tuwonki na bazara ke nan." Ban sake saukowa ba.

Ba a sa ni boko ba. Sai da na haifi bakwai, ina shekara arba'in da uku, na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gagarawa, da goyon jika a bayana. Baƙaƙen sun ba ni wuya, ba ƙarya, amma na iya zama a kan layi ɗaya kamar yadda na zauna a kan rumfa, har sai ya buɗe mini.

Shi ya sa ranar na ɗauko littafin Binta na ce ta karanta mini shafi guda. Layi biyu ta yi, idonta ya koma kan wayar. Na ce me kika karanta, ta ce bari ta tambayi waya. Wannan fa ita ce yarinyar da tun ba ta cika shekara huɗu ba ta haddace sunayen kakanninta kaf. Uwarta ta raɗa mini cewa malamarsu ta ce in ba ta gyara ba za ta maimaita aji. Sabo kuwa dariya ya yi, wai zamani ne, duk yara haka suke, a nan ma suke koyon Turanci.

"Turancin me, Sabo? 'Yarka ba ta iya riƙe magana daga ɗaki zuwa tsakar gida."

Mu an hana mu littafi amma an bar mana hankalinmu. Ita an ba ta littafi, an sa mata abin da ke tsinke hankalin kullum a tafin hannu, kuma ubanta ne ya sayo.

Washegari da sassafe na tsayar da keke-napep a ƙofar gidan, na ɗaure kayan Binta da littattafanta a zani. Wayar na ajiye wa Sabo kusa da kofin shayinsa, na ce riƙon Binta ya dawo hannuna har sai ta karanta shafi guda ba ta ɗago kai ba. Tana kuka a cikin keken, na ce ta matsa in zauna.