Injiniyarmu: Litinin Kin Gyara Mana Kwamfuta, Talata Kin Tafi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga wata, ina shirin karanta labarai mijinki ya kira ya ce kin yanke jiki kin faɗi kina ɗaura wa 'yarki takalmin makaranta, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na ce masa, "Wace Injiniyar?" alhali ke kaɗai ce Injiniya a gidan rediyonmu.

Yaya, jiya-jiyan nan fa, ranar Litinin, muna tare. Babbar kwamfutar da ke watsa shirye-shirye ta tsaya cak ana dab da labaran rana. Kika ja kujera, kika duba, kika ce ɓangaren faifan da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ke zaune ne ya cika maƙil, ko allura ba ta da wurin shiga. Hankali ya tashi, kowa na cewa a share babban fayil ɗin da ya cinye wurin, a huta.

Kika ce, "Ku dakata. Ba na share abin da ban saurara ba."

Da kika kunna, sai muryar marigayi mai gabatar da shirin manoma ta cika ɗakin, yana dariya da wani tsoho. Hirarrakinsa ne na shekaru, babu kwafinsu a ko'ina. Kika kwashe su zuwa wani faifai, sannan kika bi tsofaffin bayanan da na'urar ke rubuta wa kanta da tarkacen manhajojin da aka sauke, kika share. Kwamfuta ta tashi, labarai suka fita a kan lokaci. Kika tsokane ni: "Ƙanina, tebur ɗinka ma yana neman irin wannan shara."

Da yamma kika kira matar marigayin kika ce ta zo Laraba ta karɓi muryar mijinta. Ta zo, Yaya, da kwalliyarta da murnarta. Ni aka tura in tare ta a bakin ƙofa, in faɗa mata kin rasu.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ga Mama mahaifiyarki da mijinki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. 'Yarki kuma, wadda a gabanta abin ya faru, Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya raya ta. Amin.