Buzun da na shimfiɗa gabas da Gazawa

Mun tashi da asuba daga Tibirin Gobir, ni da ƙawata ta makarantar manya. Tare muka koyi rarrabe baƙaƙe, furfura a kanmu, jikoki na leƙe ta darni suna dariya. Ita mutuniyar Cadakori ce. Kakanninta Buzaye ne masu bin raƙuma daga arewa, amma ita ba ta san komi ba sai noman gero. Ɗiyarta na aure a wani ƙauye gabas da Gazawa, kuma matan ƙauyen sun gayyaci makarantarmu taron Mauludi. Malamarmu ta ce ƙawata za ta karanta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, don duk ta fi mu murya. Ni rakiya ce tawa, da buzuna na fatar rago a hammata, saboda gwiwoyina sun daina shiri da tabarma.

A tashar Maradi aka cusa mu mota kamar buhunan gyaɗa. Wani ɗan kasuwa ya so aje mini akuya bisa ƙafa, na ce ya kai ta gaba ta yi hira da direba. Damina ta yi kyau bana. Gero ya fidda kai hagu da dama, har jandarman da ya tsaida mu tumu yake tauna. A Agiye muka sayi aya da ƙosai. Ayar ta yi araha, ƙosan kuwa ya ƙanƙance sai ka ce ana jin haushin mai saye.

Ƙawata ba ta ci ba. Leɓɓanta na motsi, tana maimaita karatunta. Can ta ce mini tun da aka kai ɗiyarta, ba a taɓa kiran sunanta a bakin rijiya ba, sai dai "ɗiyar Buzaye". Tana so yarinyar ta ga uwarta gaban taro ko sau ɗaya.

Daga Gazawa kabu-kabu ya ja mu cikin rairayi, muna salati ba don lada kaɗai ba. A gidan babbar Hajiyar garin aka kafa rumfa, bayan azahar. Ta tarbe mu da hura mai nono, ba zan ci mata haƙƙi ba, hurar ta yi daɗi. Muna shirin zama a gaba, sai ta kama hannuna ta rage murya.

"Baƙuwa, nan ba a sa buzu gaba. Can baya, wajen randuna."

Wallahi shimfiɗata na zaci take nufi. Na ce ƙila gashin na zuba. Na naɗe abina na kai baya, har da ba da haƙuri. Ina juyowa sai ga ƙawata ta biyo ni, kai a ƙasa. Ita tun farko ta gane. Kusa da randunan ɗiyarta ce duƙe tana wanke ƙore, ta ƙi ɗagowa.

Na sunkuci buzun, na ratsa tsakiyar mata, na baza shi daf da Hajiya, na jawo ƙawata.

"Zauna."

"Yaya, don Allah bari. Garin surukai ne."

"Na ce zauna."

Hajiya ta ce, "Tarbiyyar Gobir ke nan? Mu haka muka gada."

Na ce, "Inna Hajiya, na makara da karatu, amma abin da na karanta bai zube a hanya ba. Wa ya shayar da wanda muka taru dominsa? Halima, matar makiyaya, daga daji. Da ya girma ta zo wurinsa, mayafinsa ya shimfiɗa mata ta zauna. Shi kansa ya yi kiwon tumaki. In wannan buzu ya isa ku ɗora goshi a kai, wannan Buzuwa ta isa ku ba ta kunne."

Wata tsohuwa ta fashe da dariya ta toshe baki da gyale. Hajiya ta miƙe ta shige ɗaki, wasu suka bi ta. Sauran suka zauna.

Ƙawata ta fara da murya mai karkarwa, har ta yi tuntuɓe a salatin buɗewa. Daga nan muryar ta miƙe. Da ta kai wurin da Halima ta ɗauki maraya da sauran mata suka ƙi, ɗiyarta ta saki ƙwarya, ta taho hannu jiƙe, ta zauna a gefen buzun kusa da uwarta. Tsohuwar nan ta matsa mata, ta tambaye ta sunanta.

Washegari Hajiya ba ta fito sallama ba, kuma ba wanda ya ɗaura mana guzuri. Ko za ta huce, ban sani ba. Buzun dai na bar wa yarinyar.

Mun iso Tibiri da la'asar, ƙugu kamar an daka. Abin da na dawo da shi kaɗan ne: son Annabi ba a tukunyar shinkafar Mauludi yake ba, yana ga wanda kika yarda ki yi wa shimfiɗa. Wadda ta ga na yi rashin kunya, ta zo gida ta faɗa mini ido da ido. Amma ta taho da abin zamanta, nawa yana can gabas da Gazawa.