Rediyon Malama Saude

A Mandawari aka haife ni. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai ƙanin mahaifiyata, Kawu Sale, ya riƙe ni. Mai gyaran wayarin ɗin mota ne a Ƙofar Mazugal, a hannunsa na koyi sana'a har na yi aure. Ban taɓa kwana da yunwa ba, don haka kada wani ya ce talauci ne ya kai ni.

Da soja suka miƙa mulki, albashi ya ɗan yi kauri, malaman makaranta da ma'aikata suka shiga sayen motocin Kwatano. Rediyon irin waɗannan motoci yana da hali: da zarar an cire batir sai ya kulle, ba zai ƙara magana ba sai an danna masa lambobinsa huɗu na sirri. Kawu ya ƙware a nan. Yakan duba littafin mota da bayan murfin but, ko wanda ya fara hawanta ya rubuta su. In babu, ya zaro rediyon ya karanta lambar jikinsa, ya aika wa wani abokinsa mai kwamfuta ya nemo masa lambobin sirrin. In mai mota ya riga ya yi ta danne-danne har rediyon ya daina karɓar lamba, sai a bar makulli a kunne awa guda kafin a sake gwadawa. Kawu ya shimfiɗa tabarma, ya aika a kawo shayi, a yi ta hirar siyasa. Wasu da gangan suke danna kuskure, saboda hirar nan.

Doka ɗaya gare shi: ba ya buɗe rediyon da ba ya jikin motarsa, mai ita na tsaye. Yakan ce, “Ɗana, kullen nan don ɓarawo aka yi shi. In ka buɗe masa, ku biyu kuka yi satar.”

Shekarar da Kawu ya tafi aikin Hajji ya bar mini shago. Wani mutum ya zo da rediyo uku a buhu, wai motocinsa ne suka yi haɗari. Na san ƙarya ce, na buɗe. Ya dawo, na sake buɗewa. Kafin alhazai su sauka, ni nake gaya masa wace mota ce mai rediyo mai kyau, da inda take kwana. Kawu ya dawo ya kawo mini agogo tsaraba, yana ta sa mini albarka.

Cikin waɗanda na nuna har da Malama Saude, malamar firamare a Sheshe, wadda ni na sauya mata batir. Bayan sati biyu ta zo da gilashi a fashe, an sace rediyon. Kawu ya ce, “Samo wa Malama wani mai sauƙi.” Na ɗauko ɗaya a ƙarƙashin tebur cikin waɗanda mutumin nan ya kawo, ban duba na wa ne ba, na haɗa, na danna lambobin da na rubuta a jikinsa. Ashe akwai kaset a ciki. Sai muryar wani dattijo ta fito yana cewa, “Saude, ina gaida ke, ki kula da yaran nan.”

Ta dafe sitiyari. “Muryar mijina ce. Daga Jidda ya aiko mini, bai dawo ba Allah ya yi masa rasuwa.”

'Yan sanda suka tafi da mu duka biyu, don shagon da sunan Kawu yake. Kwana biyu na ɓoye gaskiya ina kallon Kawu yana taimama da bangon sel. Ko sau ɗaya bai tambaye ni ba. Ran na uku ya miƙo mini rabin burodinsa, ya ce, “Ci, ba ka saba da yunwa ba.” A nan na kira ɗan sanda na faɗi komai.

Shekara biyu na yi a gidan yari. Kowace Juma'a Kawu na zuwa da dambu, ya ba ni labarin matata da 'yata da ta fara tafiya ban gani ba. Mutane sun guje wa shagonsa, amma a bakin wasu na ji, shi bai taɓa faɗa mini ba.

Ranar da na fito, kafin mu je gida ya kai ni ƙofar Malama Saude. Na durƙusa a soro na roƙi gafararta. Ta dube ni ta ce, “Na yafe. Amma je ka roƙi wannan tsohon, shi ka fi cuta.” Na juya, sai na ga Kawu ya ba mu baya yana goge ido da bakin rawani.

Samari, ku ji daga wanda ya gani. Ban taɓa fasa gilashin kowa ba, lambobi huɗu kawai nake dannawa, ina gaya wa kaina ni ba ɓarawo ba ne. Duk sana'ar da aka koya muku, akwai amana a cikinta. Ranar da kuka ci amanar, ba ku kaɗai za a rufe ba, har da wanda ya fi kowa son ku.