Shukar Binnen da Baba Ya Yi

Wata Lahadi ce a ƙarshen bazara, a shekarar da fari ya haɗu da tsuke bakin aljihu, har sabulu sai an bi layi a Gwarzo. Ina zaune kusa da Inna a 'yar majami'armu ta ƙasa a gefen Kutama, zufa na bin bayana, Baba kuma yana tsaye a gaba da Zabura a hannu. Shi ne mai bisharar ƙauyen. Ya karanta mana addu'ar da Dauda ya yi wa ɗansa Sulemanu, wadda ke roƙon sarkin ya sauko wa jama'a kamar ruwan sama, hatsi ya yalwata har kan duwatsu. Sannan ya bayyana abin da yake bayyanawa kowace shekara: Sulemanu ya mutu, mulkinsa ya tsage, alhali addu'ar tana zancen sarkin da zai dawwama muddin akwai rana. Don haka annabci ne, in ji Baba, kuma a kan Almasihu ya cika.

Inna ba ta iya karatu ba, amma kunnenta ba ya barin komai ya wuce. Ranar kuwa ruwa da hatsi kawai ta ji. Rumbunmu ya riga ya zama wurin ɓuyanmu in muna wasa, abin da ya rage shi ne ƙwarya guda ta irin gero da ta rataye a ɗaki. Ko dai a ci, ko a jira ruwa a shuka. Da muka dawo gida tana ta fama da tukunyar rama, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, ka ce sarkin ya riga ya zo. To ina hatsin?"

Baba mutum ne mai haƙuri da kowa, ban da wanda ya taɓa masa karatunsa. Washegari ya ɗauki sungumi, ya sauko da ƙwaryar, ya ce in biyo shi. Binne za mu yi, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya kwanta yana jiran ruwan farko. Kowane manomi ya san hatsarinsa: in ruwa mai ƙarfi ya zo ka riga kowa, in yayyafi ne ka yi asara. Yana gaba yana sara, ina baya ina jefa iri ina rufewa da diddige, ƙasa na ƙona min tafin ƙafa. Maƙwabcinmu Baffa Sale, wanda iyayensa makiyaya ne kafin su zauna, ya tsaya da tumakinsa, suka daɗe suna gaisawa, sannan ya ba shi shawara ya rage ko rabi. Baba ya yi godiya ya ci gaba da sara.

Yayyafin ne ya zo. Ya jiƙa ƙasa daidai yadda gero zai tsiro, sannan sama ta washe. Kullum in na taso daga makaranta sai na biya ta gonar, ina kallon tsiron yana naɗewa har ya bushe. Na ji haushin Baba ƙwarai, na kuma ji tausayinsa. Da ruwa ya kankama, Baffa Sale ne ya aiko ɗiyarsa da iri a ƙasan ƙwaryar nono. Da shi muka ga kaka, ko da yake ba mu ƙoshi ba.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a ina koyarwa a Kabo, Inna kuma ta rasu. Babu wanda ya taɓa mu a ƙauye, amma zukata sun tsorata, matasanmu suka yi ta tafiya, majami'ar ta koma ta tsofaffi. Idon Baba ya yi rauni, sai na je nake karanta masa. Wata rana ya nemi addu'ar nan ta Dauda. Na karanta, na rufe littafin, gajiyar duniya ta taru a kaina, na ji bakina ya maimaita masa tambayar Inna.

Ya murza gwiwarsa. "Ya zo, 'yata," in ji shi. "An riga an shuka. Binne ne, ruwa ake jira."

Yanzu gonar tana hannun jikokin Baffa Sale, majami'ar kuma ba rufi. A da yunwa ce ke damunmu, amma gidan cike yake da muryoyi. A ranar nan ban tuna wa Baba yadda namu binnen ya ƙare ba. Shi ya riƙe sungumin, ya fi ni sani.